Rijiya ta Uku a Dutsen Ƙirya

Kai Nura, kife wayar nan ka saurare ni. Kai ne ka ce wai haƙar rijiya ba sana'a ba ce, rami ne kawai, duk mai ƙarfin dantse zai iya. Na ji ka sarai, ina kishingiɗe a kan bencin nan kuna zaton barci nake. To ku matso dukanku, ku da kuka yi shekara biyu kuna bin motar burtsatse har kun fara yi wa mutane kallon hadarin kaji. Ni Haladu na fi shekara arba'in ina shiga cikin ƙasa ina fitowa, tsakanin Gaya da Ajingi da wuya ka samu ƙauyen da igiyata ba ta goga bakin rami ba. Amma akwai aiki guda da har gobe in na tuna shi sai kaina ya ɗaure. Shi zan ba ku.

A wajen Malam Audu Dogo na Balan na koya. Shekara uku cur bai bar ni na riƙe diga ba, igiya kawai nake ja. Cewa yake na sama shi ke riƙe da ran na ƙasa, wanda bai iya igiya ba kuwa ba shi da abin yi a bakin rami. Kayanmu ba su da yawa: diga mai gajeriyar ƙota, don babu wurin ɗaga hannu a ciki, da dagi, da guduma da ƙusar fasa dutse, da bokiti, da igiyar rama wadda yake bi kamu-kamu yana dubawa kowace safiya. Sai fitilar ƙwai. Kada ku yi dariya, fitilar nan ta fi injinku daraja a wurina. Kafin mutum ya sauka sai an zura ta. In ta ci gaba da ci, bismillah. In ta mutu, to iskar ƙasan ta ɓaci, wanda ya shiga shi ma haka zai yi. Zurfi kuma da gaba muke aunawa, wato ka buɗe hannuwanka biyu iyakar buɗewa. Shi ya koya mini in murza ƙasa a tafin hannu, in sansana, wani lokaci har in ɗanɗana, in gane jangargari ce, ko marmara, ko yumɓu, ko farin yashin nan mai sanyi da yake zuwa dab da ruwa.

Duk garin da muka sauka, kafin ya kwance kaya sai ya yi wa dattawa tambaya uku. Ina tsohuwar rijiyarku? Me ya kashe ta? Wa ta ci? Biyun farko ba laifi. Ta ukun nan ce ban taɓa so ba. Haba jama'a, ka je garin mutane, sun shimfiɗa maka tabarma, sun dama maka fura, sai ka buɗe baki ka ce wa ya mutu muku a rami? Ni a ganina rashin ta-ido ne. Saboda haka da ya sallame ni na fara cin gashin kaina, sai na bar masa ita a Balan na tafi da biyu.

Shekarar da nake ba ku labari, damina ta ɗauke tun gero bai gama ƙosawa ba. Kafin bazara ta kankama rijiyoyi sun ja da baya ko'ina. Ranar kasuwar Ajingi ina zaune wajen masu igiya sai ga wani dogon mutum a kan keke, ya yi sallama, ya ce shi ne Bukar, Mai unguwar Dutsen Ƙirya. Rijiyarsu ɗaya ce, ta ƙafe ƙaf. Mata suna fita da asuba zuwa wata fadama, ba sa dawowa sai rana ta take tsaka, da jarka ɗai-ɗai.

Ya ce, "Malam Haladu, ba zan ɓoye maka ba, gida huɗu sun riga sun tashi. In ba a samu ruwa kafin shuka ba, garin nan watsewa zai yi, kuma a hannuna."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Lokacin ina ji da kaina, ban taɓa haƙa busasshiya ba.

Bari in kwatanta muku garin, don in ba ku san yadda yake ba labarin ba zai shige ku ba. Ɗan ƙauye ne a gindin wani tsauni. Wanda ya taɓa zuwa Dutse ta Jigawa zai yi dariya in ya ji ana kiran wannan dutse, amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu tun daga nesa kake hango shi kamar an kife akushi. Garin yana kudu da shi. Ta yamma burtali ya wuce, shanu na bi. Ta arewa gonaki ne har iyakar ganinka. Ta gabas kuwa akwai wani kwari da ruwan sama yake gangarowa ta cikinsa daga wata tsaga a jikin dutsen. Unguwa biyu ce, ta Barebari, su Mai unguwa Bukar, da ta Maƙera, inda Liman Tanko yake. Masallacinsu ɗaya, sun yi auratayya har ba ka iya rabe su, amma kada Allah ya sa ka tambaye su wa ya fara zuwa.

Ni kuwa sai da na tambaya, don ina so in san inda mutanen farko suke shan ruwa. Washegari da hantsi muka hau dutsen, ni da ɗan'uwana Iliya da muke aiki tare, da Mai unguwa, da Liman. A sama akwai kufai. Ga ragowar ganuwa ta jiga-jigan duwatsu, ga tsofaffin kukoki, ga ramukan niƙa a kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, sun yi santsi saboda hannun mata.

Mai unguwa ya dafa ganuwar ya ce, "Kakanninmu ne suka jera wannan. Daga gabas suka zo da jakuna, fataken kanwa ne. Suka tarar da dutsen ba kowa sai birai, suka hau saboda mahara."

Liman ya ce, "Birai? To mu ne biran ke nan! Malam Haladu, dubi ƙarƙashin ƙafarka, kashin maƙera ne ko ba shi ba? Fataken kanwa suna ƙira ne? Mu muka sauke su."

"Allah gafarta Malam, kuka sauke su a ina, ku da kuke kwana a kogo?"

Na ce to yaushe aka sauko ƙasa? Mai unguwa ya ce da aka samu zaman lafiya, zamanin kakansa. Liman ya ce ina, gobara ce ta kore su tun kafin a haifi kakan nasa. Na ce ruwa fa? Mai unguwa ya ce akwai kwarmi a kan fa da yake tara ruwan sama. Liman ya ce ta yamma mata suke sauka. Rijiyar da ta ƙafe kuma, wadda take kusa da masallaci, na riga na leƙa ta, a kan dutse take zaune, ruwan damina ne kawai yake taruwa a ciki, ba ta da ido. Tambaya biyu na yi, na samu amsa huɗu, ba ruwa ko a ɗaya.

Amma kafin mu sauko na leƙa ta gabas, sai na ga abin da nake nema. A bakin kwarin nan akwai wani ɓaure shar da shi, a tsakiyar bazara, alhali duk itatuwan garin sun yi furu-furu. Kusa da shi ga suri sabo, gara na aiki. Gara kuwa ba ta gini sai da danshi. A gindin ɓauren akwai tsibin duwatsu da aka kewaye da ƙaya. Na nuna da sanda na ce, "Alhamdu lillahi, ga ruwanku can."

Mutanen da tun safe ba su bar wa juna numfashi ba, sai kowa ya kama duban ƙafarsa.

Can Mai unguwa ya ce, "Wurin nan akwai rigimar gona a kansa."

Liman ya ce, "Kuma fa ne a ƙasa, ba za ka sha da daɗi ba."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ɓaure ba ya zama a kan fa ya yi wannan ganye."

Ya ce, "To, wannan dai ya zauna."

Da muka sauko na tambayi wani a ƙofar masallaci, ya ce turken dokin wani tsohon sarki ne, ba a taɓawa. Wani ya ce macizai. Wani ya ce shi bai ma san akwai ɓaure a wurin ba, mutumin da aka haifa a garin! Iliya ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, garin nan lafiya kuwa?" Na ce oho. Mai rijiya shi ke nuna wuri, mu namu haƙa.

Ta farko a yamma muka sare ta, gefen burtali, inda Liman ya nuna. Jangargari gaba biyu, marmara gaba uku, a ta shida diga ta yi ƙara har cikin haƙorana. Fa. To akwai dabara, ana jibga itace a kan dutsen a hura wuta ya yi jawur, sannan a sheƙa masa ruwa ya tsage. Ku tsaya ku ji da kyau: ruwa. A garin da mace take tafiyar rabin yini ta kawo jarka ɗaya. Haka suka riƙa tara mana, kowane gida kwano biyu, mu kuma muna zubawa dutse. Sau biyar muka ƙona shi. Abin da ya ɓamɓaro bai fi faifai ba. Sati uku suka tafi a nan.

A nan ne na fara lura da Ya Fanna, mahaifiyar Mai unguwa. Tsohuwa ce tukuf, 'yar siririya, ita take kawo mana kunu kullum da hantsi, ba ta aiko kowa. In ta ajiye ƙwaryar ba ta tafiya. Sai ta tsuguna a gindin ƙasar da muka fitar, ta ɗebo, ta murza a tafin hannu, ta kai hanci.

"Ɗan nan, gaba nawa?"

"Shida, Iya."

"Ba ta yi sanyi ba," sai ta kakkaɓe hannu ta tafi.

Na ce wa Iliya, "Ka ga yadda tsohuwar nan take murza ƙasa? Wallahi irin murzar Malam Audu ce." Ya ce tsufa ne kawai. Na bar maganar, don kaina ya riga ya yi zafi.

Ta biyu a kudu, gindin wata tsamiya, inda Mai unguwa ya zaɓa. Ita ta ba ni rai da farko, don yumɓu muka samu. Muka bi shi har gaba tara, busasshe ƙayau, yana farfashewa a hannu. Ran nan da safe saboda sauri ban zura fitila ba. Iliya ya sauka, ko sara goma bai yi ba na ji diga ta yi shiru. Na kira shi, ya amsa kamar mai magagi. Allah ya taimake mu igiyar tana ɗaure a ƙugunsa, mutum huɗu muka jawo shi, ya fito idanu sun juye. Da ya farfaɗo na zura fitilar, ko gaba bakwai ba ta kai ba ta mutu. Muka yi kwana biyu muna kaɗa iska da ganye a bakin igiya, muka koma, muka ƙara rabin gaba. Fa kuma.

Ranar na ji tsoro, kuma na ji kunya, ban san wanne ya fi ba. Amalanke biyu suka wuce ta gabanmu da gadaje da tukwane, ba wanda ya ce mana sannu. Ina jin wata mata tana cewa, "An ce wai gwani ne." Ni kuwa kowace safiya in na fito sai idona ya tafi kan ɓauren can, shar da shi kamar yana yi mini gwalo. Na sake yi wa Mai unguwa magana, ya ce in yi haƙuri in duba arewa. Na ce, "Ranka ya daɗe, arewa tudu ne!" Ya ce, "A duba dai." Mutum garinsa na watsewa, idonsa ya faɗa, ya rame, ga ruwa ina nuna masa yana kau da kai. Na rasa gane kansa, na rasa gane garin, har na fara shakkar abin da na sani.

Sai na ari kekensa na tafi Balan. Malam Audu lokacin ido ya tafi, yana zaune a zaure yana tufka igiya da lalube. Na zayyana masa komai, dutsen, kwarin, ɓauren, rami biyu.

Ya ce, "Ka tambaye su tsohuwar rijiya?"

"Na tambaya, Baba."

"Me ya kashe ta?"

"Ba ta da ido."

"Tambaya ta ukun fa?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ajiye igiyar ya ce, "Ashe diga kawai ka ɗauka a gidana. Tashi ka ba ni wuri."

Ko ruwa bai ce a ba ni ba. Na hau keke na juyo, na iso ana fitowa daga sallar la'asar. Da zafina, ban nemi kowa a gefe ba, a nan ƙofar masallaci gaban jama'a na ɗaga murya na ce, "Dattawa, ku gafarce ni. A garin nan, rijiya ta taɓa cin wani?"

Kai! Da na san abin da zai biyo baya da na tauna maganar. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mai unguwa ya dube ni, ya juya ya nufi gida. Takalmansa suna nan a ƙofar masallaci, ba takalmi ya tafi. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya zare jiki, aka bar ni tsaye riƙe da keken mutum. Na ce wa Iliya ya haɗa kaya, gobe sai gida.

Da hantsi muna ɗaure diga sai ga Ya Fanna, ba ƙwarya a hannunta.

Ta ce, "An ce ka yi tambaya jiya."

"Na yi, Iya, ki yafe ni."

"Wata biyu ina jiran ka yi ta. Biyo ni."

Muka bi ta har gindin ɓauren. Ta tsaya a bakin ƙayar nan, ta yi sallama kamar mai shiga gida, sannan ta ce, "Maigidana ne a nan. Modu. Sana'arku ɗaya."

Ta ce shekarar ma irin wannan ce, fari. Tana da cikinta na farko wata bakwai. Modu ya haƙa a nan, cikin kwarin sosai, don yashi ne, ya fi sauri. A gaba ta goma sha ɗaya ya ƙwala kira daga ƙasa cewa ya ga ruwa, ya aiko da bokitin jiƙaƙƙen yashi, ita da kanta ta taɓa shi. Ana cikin murna sai bango ya zabtaro. Kwana uku ana tono, ana kwashewa yana ƙara zubowa, har ya kusa haɗawa da mutum biyu. Limamin wancan lokaci ya ce a bari haka, a cike ramin, a yi masa salla a kai, nan ne kabarinsa. Aka jera duwatsu. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ambaton wurin, manya suka hana yara, har aka ƙirƙiro macizai da turken doki.

Na ce, "To Iya, gari yana watsewa, me ya hana a faɗa mini?"

Ta ce, "Kunyata suke ji, da ta wancan." Wancan, wato Mai unguwa. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta zama su yi doguwar magana, ko ido ba ta cika haɗawa da shi ba, kamar yadda iyayenmu suke yi. "Shi yana ganin in aka kai diga wurin nan zuciyata ba za ta ɗauka ba. Ni kuma da wane baki zan kira shi in ce a tona kusa da ubansa, wanda bai taɓa gani ba? Shi bai tambaye ni ba, ni ban faɗa masa ba. Kai da kake baƙo na sa rai za ka tambaya, sai ka yi ta ƙona dutse da ruwanmu."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Sai ta shiga nuna mini da sandarta, kamar Malam Audu ne a tsaye. Ta ce Modu ya gaya mata ruwan daga tsagar dutsen yake sauka, ya bi ƙarƙashin kwarin, ya wuce ta gindin ɓaure. Ta ce ranar da zai yi shigarsa ta ƙarshe ya ce mata ya yi kuskure, da ya sani da a kafaɗar kwarin ya sara, ta sama, inda marmara za ta riƙe bango, amma aiki ya riga ya yi nisa. Ta taka da ƙafarta, tana hutawa, har taki arba'in wajen dutsen, ta soka sandar ta ce, "Nan ya nuna mini."

Aka kira Liman. Ya duba, ya ce kabari yana da haƙƙinsa, ba za a taɓa ko dutse ɗaya ba, amma taki arba'in ta sama ba laifi. Aka kira Mai unguwa. Ya zo ya tsaya nesa kaɗan, kansa a ƙasa. To a nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Ga uwa, ga ɗa, tsakaninsu bai fi gaba biyu ba, ni a tsakiya.

Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, gaya wa Mai unguwa, mutumin nan ruwa ya shiga nema wa garin nan. A bar shi ya ga ƙarshen aikinsa."

Na juya zan maimaita, ya riga ni. "Malam Haladu, gaya mata ni saboda ita na yi shiru."

"Gaya masa na sani."

"Gaya mata in ta yarda, na yarda."

Ni dai ina ta juya wuya, ban gaya wa kowa komai ba. Liman ya share ido da bakin rawani ya ce a yi fatiha.

Wannan karon ban yi ganganci ba. Na ce ba zan sauka ba sai da zoben siminti, muna haƙa muna zurawa. Mai unguwa ya kai sansa na huɗa kasuwa aka sayo siminti, mata suka sake tara mana ruwan kwaɓi, ba wadda ta yi tsaki. Jangargari, sannan marmara gaba biyar, daidai yadda mamacin ya faɗa. A ta takwas yashi ya fara. Ban bar Iliya ya sauka ba, ni na riƙa shiga. Ba zan yi muku ƙarya ba, duk sarar da na yi sai na dubi bango, na tuna akwai wani a kwance can gefe, daidai zurfin da nake. Kullum Ya Fanna tana bakin rami. A gaba ta goma ta murza abin da na aiko, Iliya ya leƙo ya ce, "Yaya, ta ce ta yi sanyi!"

A ta goma sha ɗaya na soka dagi na zare, sai ramin dagin ya ciko da ruwa. Na tsaya ina kallonsa yana tasowa ta tsakanin yatsun ƙafata. Ban yi kira ba. Na tuna wanda ya yi kira a wannan gaba, sai na ja igiya sau uku kawai aka fitar da ni.

Muka bar ruwan ya kwanta har bayan azahar. Kafin nan gari ya taru, har da waɗanda suka ɗaure kaya, yara da kwanuka, mata da jarkoki sun yi layi har bakin kwari. A al'adarmu gugan farko na mai gari ne, shi zai fara kurɓa ya sa albarka. Na jawo shi da hannuna, fari tas, na miƙa wa Mai unguwa. Ya karɓa, bai sha ba. Ya ratsa mutane ya je gaban uwarsa ya durƙusa ya ajiye.

Ita ma ba ta sha ba. Ta kama gugan da hannu biyu, yana rinjayarta, wata ta matso za ta taimaka ta girgiza kai. Ta bi takin nan arba'in tana tsayawa tana hutawa, mu duka muna biye. Da ta isa ta janye ƙaya da ƙafa, ta tsuguna, ta ce, "Ba a yi masa wanka ba."

Ta shiga zuba ruwan a kan duwatsun a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan, har ya ƙare. Garin da ya yi wata da watanni yana auna ruwa da kwano, ga guga guda yana shiga ƙasa, ko yaro bai yi motsi ba. Ni da nake taƙama idona ba ya kawo ruwa, ranar ya kawo.

Ta ɗago da gugan, ba ta dube ni ba wannan karon. Ɗanta ta duba, ido cikin ido, ta ce, "Bukar, ƙaro ɗaya."

Liman ya gaya mini daga baya, tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta sai ranar. Mutum mai furfura a gemu ya karɓi guga ya ruga bakin rijiya da gudu.

Rijiyar tana nan, ba ta taɓa ƙafewa ba. Su kuma har yanzu ba su daidaita a kan wanda ya fara hawa dutsen ba, ni ma ban sani ba. To Nura, na ji kuna cewa gobe za ku kai mota wani ƙauye bayan Kademi. Kafin ku tayar da inji, ka nemi tsohuwar da take kawo muku kunu, ka durƙusa ka gaishe ta, ka yi mata tambaya ta uku.